Lambobi ukun bayan katin ATM ma sirri ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in ja hankalin jama'a da bankuna kan lambobi ukun nan da ke bayan katin ATM, waɗanda ma'aikatan banki ke kira CVV.

A nan Sakkwato kowa ya san PIN sirri ne. Za ka ga dattijo ya kare na'urar POS da hannun babbar riga kafin ya danna, ko ɗan cikinsa ba zai gani ba. Amma shi ɗin ne zai miƙa wa yaro kati, ya juya yana gaisawa da mutane, kati na hannun wani. Ɗaukar hoton gaba da baya da waya bai kai tsawon gaisuwar ba.

Shafukan sayayya da yawa a intanet, musamman na ƙasashen waje, ba sa tambayar PIN, wasu ko saƙon OTP, wato lambar da ake turo maka a waya don tabbatar da ciniki, ba sa turowa. Doguwar lambar gaba, da wata da shekarar da kati zai daina aiki, da lambobi ukun nan, sun isa. Dama an yi su ne domin ɗan kasuwar da bai gan ka ido da ido ba ya samu shaidar cewa katin yana hannunka. Shi ya sa ƙa'idar kamfanoni irin su Visa da Mastercard ta hana shi ajiye su bayan an gama ciniki. To, wanda ya ɗauki hoton katinka ya mallaki shaidar nan.

Ina sayar da kayan fata a Babbar Kasuwa. Wani maƙwabcina a layi ya kai katinsa wani kafe don a biya wa ɗiyarsa kuɗin makaranta. Daga baya sai alat na cire kuɗi ya riƙa shigowa cikin dare. Da safe ya zo jikinsa na rawa yana cewa, "Ni da ban ba kowa lambar sirri ba, ta ina sunka shiga?" Kuɗin sarin kaya ne fa, wallahi na tausaya masa. Ban ce duk masu kafe da masu POS ba, yawancinsu matasa ne masu neman halaliyarsu.

Shawarata, a haddace lambobin a manne wurin da ɗan salatif, kar kuma kati ya ɓace wa idonka. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, yana neman su ko OTP, a kashe waya.

Bankuna kuwa, ranar da kuke miƙa wa mutum kati ku zaunar da shi ku yi masa wannan bayani da Hausa, ku koya masa yadda zai toshe katin daga wayarsa ko da tsakar dare ne. Ku kai sanarwar gidan rediyon Rima, don mutanen Wamakko da Bodinga ma su ji.

Naku,
Mai sayar da kayan fata,
Unguwar Mabera, Sakkwato.