Midil ta Bauchi: A Tattara Tarihinta Tun Dattawa Na Raye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu ja hankalin Ma'aikatar Ilimi da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kan tarihin Makarantar Midil ta Bauchi, wadda ta yi wa lardin nan gaba ɗaya hidima, har da ƙasar Gombe, Katagum, Misau da Jama'are.

A zamanin En'e, yaro yakan gama elementare a gundumarsu, idan ya ci jarrabawa a kai shi Midil a hedikwatar lardi ya yi zaman kwana, haziƙai kaɗan kuma su wuce Kwalejin Katsina. Ta wannan hanya Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi. Ya shiga Katsina a 1928, ya gama a 1933, ya dawo Bauchi ya riƙe alli a Midil har ya zama hedimasta, kafin a tura shi Landan ƙaro ilimi a 1945. A 1942 aka turo Malam Aminu Kano koyarwa a makarantar, ya tarar da Malam Sa'adu Zungur a gari, kuma a zaman mahawarar da suka riƙa yi a Bauchi a shekarun nan aka fara yi wa mulkin En'e tambayoyi a bainar jama'a. Wato Firayim Minista da jagoran NEPU a makaranta guda suka koyar. Amma yau ka tambayi ɗan sakandare a garin nan ina ajin da Ɓalewa ya koyar yake, da wuya ya nuna maka.

Abin da ya jawo haka a fili yake. Tsofaffin makarantu sun sha canjin suna da matsayi, wasu ma da canjin mazauni, kuma kowane canji yakan tafi da takardu. Aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas a 1967, fayiloli suka nufi Maiduguri. Aka yi Jihar Bauchi a 1976, aka cire Gombe a 1996, aka sake raba fayilolin. Abin da ya rage a sito kuwa, gara da yoyon rufi ne abokan gabarsa.

Littattafai uku ya kamata a fara nema. Na farko rajistar shiga, domin ita ke ɗauke da sunan yaro, sunan mahaifinsa, gundumarsa da shekarar da ya shigo. Sai littafin da hedimasta ke rubuta al'amuran yau da gobe, wanda ya fi kowanne daraja, don a ciki ake ganin ranar da sabon malami ya kama aiki da ranar da annoba ta sa aka sallami yara. Na uku littafin baƙi. Rahotannin shekara na lardi kuma a neme su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma cibiyar binciken tarihi ta Arewa House.

In an samu littafi, kada a yi gaggawar kai shi shagon kwafi. Danna shi a kan inji yana karya ɗinkin bayansa, liƙe shafi da leda mai zafi kuma ba ya warwaruwa. A shimfiɗa shi a inuwa mai haske, a ɗauki hoton kowane shafi da waya a jere, har bango da shafukan da babu rubutu, don a san ba a tsallake ba. A zare ƙusoshin ƙarfe masu tsatsa, su ke cin takarda. A ajiye hotunan wuri uku: makaranta, ma'aikata da ɗakin karatu na Hubbaren Tafawa Ɓalewa. Littafin kansa a sa shi a kabad ɗin ƙarfe, a ɗaga daga ƙasa da bulo, a janye daga jikin bango kamar taƙi guda, a riƙa dubawa farkon damina da ƙarshenta.

Abin da ya fi matsawa shi ne dattawa. Duk wanda ya shiga Midil kafin 'yancin kai yanzu ya doshi tamanin ko ya haura. A je musu da safe kafin su gaji, a tafi da tsohon hoto su faɗi sunayen mutanen ciki, a naɗi murya ta kamar rabin awa, a sake komawa wata rana. Shekarar da dattijo ya faɗa a gwada ta da rajista kafin a rubuta, domin tsufa yakan haɗe shekaru biyu wuri ɗaya. Malaman tarihi da ɗaliban ajin ƙarshe za su iya fara wannan aiki a hutun nan mai zuwa.

Wassalam.

Daga wasu tsofaffin malaman makaranta,
Bauchi.