Sanarwa ga ƴan rukunin shirin konkur (jarrabawar gasar neman gurbi), garin Tawa

Salamu alaikum ƴan'uwa. Na duba amsoshinku na jiya, kusan kowa wuri ɗaya ya faɗi.

An ce: in an ɗauke wuta, fanka za ta tsaya. Kun ga fanka tsaye, kuka rubuta an ɗauke wuta. A'a! Wataƙila kashe ta aka yi, ko ta lalace. Haka in wuta na nan, ba lallai fanka na juyawa ba.

Abu biyu kaɗai ke tabbata: in an ɗauke wuta, to fanka ta tsaya; in fanka na juyawa, to ba a ɗauke ba. Kar a kawo mini zancen sola, sharaɗin da aka ba ku shi za ku riƙe.

Asabar bayan La'asar mu haɗu, kowa da alƙalaminsa.