Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Filato Kan Kwarin Dilimi

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin roƙon gwamnati ta fara bibiyar kwarin kogin Dilimi da hotunan tauraron ɗan'adam a kowace shekara, tun daga gindin duwatsun Shere har zuwa inda ruwan ya fita daga Jos.

Ranka ya daɗe, kayan aikin suna nan kusa. Cibiyar ƙasa mai nazarin hotunan tauraron ɗan'adam, wadda ke ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, a Jos take, kuma tun 2003 Najeriya ta harba tauraronta na farko. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 kowa na iya sauke hotunan kyauta. Na Turai, wato Sentinel-2, suna komowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5, suna iya rarrabe fili mai faɗin mita 10. Ke nan tarihin kwarinmu na sama da shekara 50 yana ajiye, mai karantawa kawai yake jira.

Idan aka jera waɗannan hotuna shekara bayan shekara, za a ga inda gine-gine suka cinye fadamar da ake noman rani, da gangaren da aka sare wa itatuwa har zaizaya ta fara cin sa, da kududdufan da haƙar kuza ta bari, waɗanda wasunsu yanzu masu lambu ke ban ruwa da su. Za a kuma ga gidajen da aka kafa a kan hanyar ruwa. Mutanen unguwannin Rikkos da Gangare ba su manta da ambaliyar Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayukan mutum fiye da 30, kuma abin da ya fi damuna shi ne har yau ana gini a bakin kogi.

Akwai wata fa'ida da na fi ba muhimmanci. Duk lokacin da ruwa ya yi ɓarna ko zafi ya tsananta, sai a ɗora wa sauyin yanayi laifi, a wuce wurin. Sauyin yanayi gaskiya ne, amma idan aka haɗa hotunan da alƙaluman ruwan sama na hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, za a iya rarrabe abin da ya zo daga sama da abin da hannunmu ya jawo, kuma na biyun nan gwamnatin jiha na da ikon gyara shi. Lamarin bai tsaya kanmu ba, domin ruwan Dilimi yana gangarawa har kogin Jama'are.

Hoto shi kaɗai ba ya wadatarwa, musamman da damina lokacin da gajimare ke rufe tsaunuka. Dole ma'aikata su taka ƙasa, su zauna da masu unguwanni da manoma da makiyaya, su tabbatar da abin da taswira ta nuna.

Saboda haka ina roƙon a ƙulla yarjejeniya da waccan cibiya mai nazarin hotunan tauraron ɗan'adam da Jami'ar Jos, a riƙa fitar da taswirar kwarin kafin faɗuwar kowace damina, a bayyana ta da Hausa da sauran harsunan jihar, sannan a wajabta wa hukumar tsara birni duba ta kafin ba da izinin gini kusa da kogi.

Na gode, Allah ya taimaki Gwamna.

Naka,
Wani mazaunin Jos