A dinga duba zanen da ke jikin tsohon tangaran ɗin Sin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan tsohon tangaran ɗin nan na ƙasar Sin mai fari da shuɗi, yana damuna yadda ake ɗaukar zanensa ado ne kawai alhali kusan kowanne da abin da yake nufi. A garin Jingdezhen aka fi yin sa, shuɗin kuma na farko daga Farisa ake kawo sinadarinsa, har yau akwai tuluna biyu a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan masu rubutun shekarar 1351. Dodon nan mai kama da maciji in faratansa biyar ne to na sarki ne, a wancan zamanin ba kowa ke da ikon amfani da shi ba. Kifi arziki da yalwa, jemage kuwa da mu ba ma so a wajen Sinawa sa'a ce, furen bado tsarki tunda a taɓo yake fitowa amma fes. Abin da ya fi taɓa ni wallahi, zamanin Sarki Zhengde, 1506 zuwa 1521, an yi wasu da rubutun Larabci a jiki. Ku taimaka ku kawo mana hotunansu da bayani a shafin al'adu.

Naku, mai karatu daga Zariya.