Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Kano Kan Inda Ake Yanke Labari

Jidda, Saudiyya.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso tare da kashi goma na farko na shirin nan mai dogon zango da kake rubutawa, na kuma karanta su a tsanake. Ka nemi in duba maka ƙarshen kowane kashi, tunda furodusa ya matsa cewa lallai kowane mako mai kallo ya tashi da zuciyarsa a rataye, don haka a kan wannan kaɗai zan yi magana.

Bari in fara da kashi na bakwai, domin shi ne ya fi tsaya mini a rai. Alhaji yana zaune a falo yana shan shayi, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya saurara, ya yi salati, kofin ya suɓuce daga hannunsa, sai ka rubuta cewa a yanke. Na san dalilin da ya sa ka yi haka, kuma na san an saba ganin irinsa, amma a ganina wannan ƙarshe bai riƙe kowa ba. Mai kallo bai san wanda ya kira ba, bai san abin da aka faɗa ba, bai kuma san abin da Alhaji zai rasa ba. Iyakar abin da zai iya tambaya shi ne me ya faru, kuma wannan tambaya ce da ba ta da baki balle a kama ta. Mutum ba ya kwana da tunanin abin da bai sani ba. Abin da ke hana shi barci shi ne abin da ya sani sarai, yana kuma tsoron inda zai kai.

Daraktan nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya bayyana wannan a hirar da ya yi da François Truffaut na Faransa a 1962. Ya kawo misalin mutum biyu da ke hira a bakin tebur, ga bam a ƙarƙashinsa. Idan masu kallo ba su san da bam ɗin ba, ya tashi kwatsam, za su firgita na daƙiƙa goma sha biyar, shi ke nan. Idan kuwa an nuna musu lokacin da aka ajiye shi, an sanar da su ƙarfe nawa zai tashi, ga kuma agogo a bango suna gani, to hirar banzar da mutanen nan ke yi za ta zame musu tashin hankali na minti goma sha biyar, har su ji kamar su yi musu ihu su tashi. Kai kuwa a kashi na bakwai ka ɓoye mana komai, sai fuskar Alhaji ka bar mu da ita.

Alhali kuwa abin da kake bukata yana cikin labarinka tun kashi na huɗu, inda babban ɗan Alhaji ya jinginar da takardar gidan gado ba da sanin kowa ba. Da ni ne, sai in sa uwargida ta ci karo da takardar jinginar a aljihun rigar ɗanta tana shirin ba da wanki. Ta karanta, ta ga sa hannunsa, ta ga ranar da wa'adi zai cika. Tana tsaye da takardar sai ta ji mai gadi yana buɗe ƙofa, motar Alhaji ta shigo, ga shi kuma mun riga mun san likita ya gargaɗe shi kan hawan jini. Ta dubi murhu, ta dubi tiren abincinsa, sannan ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin kwanon tuwo, ta ɗauki tiren ta nufi falo. A nan za ka yanke. Babu ihu, babu wanda ya suma, amma duk wanda ya kalla ya san abin da ke kan tiren nan, kuma yana da tambaya guda da zai iya furtawa da bakinsa: za ta tona asirin ɗanta, ko za ta janye takardar kafin ya ɗaga kwanon? Irin wannan tambaya ce mata za su yi musu a kanta a gidan biki, wasu su ce uwa ba ta tona ɗanta, wasu su ce ai amanar miji ce, kuma wannan musun shi ne zai dawo maka da su mako mai zuwa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Ka tuna daren farko na Dare Dubu da Ɗaya, inda attajiri ya ci dabino ya jefar da ƙwallon, aljani ya bayyana ya ce ƙwallon ya kashe masa ɗa, ya zare takobi zai sare shi, sai asuba ta riski Shaharzadu, mai ba wa sarki labarin, ta yi shiru. Sarki ya san laifin da ake tuhuma, ya san hukuncin, ya ga takobin a sama. Abu ɗaya tak aka hana shi, kuma saboda wannan abu ɗaya ya ɗage kisanta zuwa gobe.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a wurina, shi ne cewa duk inda ka yanke labari ka ci bashin mai kallo, kuma farkon kashi na gaba shi ne ranar biya. Na duba kashi na takwas, sai na tarar kiran nan da ya sa Alhaji ya saki kofi ba komai ba ne illa direbansa da ya goga mota a kasuwa. Wallahi wannan biya ne da kuɗin jabu, kuma wanda aka yi wa haka sau biyu ba zai sake yarda da salatin Alhaji ba, ko da ranar da gaskiya ta zo. Finafinan Amurka masu fita mako-mako a gidajen sinima a shekarun 1930 da 1940 sun yi suna da wannan ha'inci: a nuna mota ta faɗa kwazazzabo da jarumi a ciki, mako na gaba a ƙaro hoton da ba a nuna ba, wai ashe ya diro tun kafin ta faɗa. Shirin talabijin na Amurka mai suna Dallas kuwa ya nuna fuskokin biyu duka. A watan Maris na 1980 aka rufe zango da harbin J.R., mutumin da marubutan suka shafe zangon suna tara masa maƙiya, har kowane mai kallo yana da wanda yake zargi, kuma da aka ba da amsa a watan Nuwamba, cewa ƙanwar matarsa ce, sama da mutum miliyan 80 ne suka kalla a Amurka. Shi dai wannan shiri a 1986 ya dawo da Bobby, ɗan'uwan J.R., da aka riga aka kashe, aka ce duk zangon da ya gabata mafarki ne tsohuwar matar Bobby ta yi, kuma har yau ana kawo shi a matsayin misalin yadda ake cin amanar masu kallo. Kada ka bari furodusa ya ja ka zuwa mafarki, komai matsin da ka shiga.

Akwai kuma batun tazara, wanda zama a nan ya sa na lura da shi. Shirye-shiryen azumi na tashoshin Larabawa, irin na MBC, galibi kashi talatin ne, kowane dare ɗaya, saboda haka marubucinsu yana iya yankewa a kan ƙaramin abu, ko kallo ɗaya ko ƙwanƙwasa ƙofa, tunda gobe bayan buɗa-baki zai biya. Naka kuwa mako guda ne tsakani, kuma 'yan'uwanmu na nan Jidda da na Shara Mansur a Makka, waɗanda ke bin shirye-shiryen gida a YouTube bayan sun tashi daga aiki, suna da abubuwa da yawa da za su mantar da su a cikin kwana bakwai. Tambayar da za ta rayu mako guda dole ta fi ta dare ɗaya ƙarfi, ta ƙarshen zango kuma dole ta sauya zaman gidan gaba ɗaya, yadda ba za a iya komawa yadda ake da ba. Wannan ba ya nufin kowane kashi ya ƙare da asibiti ko 'yan sanda. Daga cikin goman da ka aiko, huɗu sun ƙare da wani ya yanke jiki ya faɗi, kuma tun a na uku na daina tsorata. Ka bar wani ya ƙare da alkawari, wani da ƙaryar da muka san ƙarya ce, wani da baƙon da muka gane shi alhali mutanen gidan ba su gane shi ba.

Sai ƙaramar shawara game da abin da ke faruwa bayan rubutu ya bar hannunka. Ka zauna da mai tace hoto idan ana haɗa ɗan tallan kashi na gaba, domin sau da yawa a nan ake ɓata aikin marubuci: a bar mutum kwance rai a hannun Allah, nan take kuma a nuno shi a tallan mako mai zuwa yana faɗa da matarsa. Haka nan hoton da ake ɗorawa a fuskar bidiyo. Ka kuma rubuta wa darakta a fili daidai inda za a yanke, don kada a tsaya ana zagaya fuskokin mutum biyar ɗaya bayan ɗaya da kiɗa mai ƙarfi har zafin abin ya huce. Da zarar uwargida ta ɗaga labulen falo da tiren nan, hoto ya ɗauke.

Idan ka gyara na bakwai da na takwas ka turo mini su tare, domin ba a auna ɗaya sai da ɗayan. Ka gaishe mini da su Hajiya da yara, da duk abokanmu na majalisa.

Wassalam,
Naka amini.