Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke sayar da kayan haɗa bututun iska mai sanyi na mota

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu makanikai ne da masu aikin wayarin ɗin mota. Mun rubuto ne a kan kayan nan da kuke sayarwa a kwali guda ga mai son ya cire akwatin iskar motarsa ya haɗa bututun shaƙar iska mai sanyi da hannunsa cikin rahusa. Abin da ke cikin kwalin shi ne bututun alminiyam mai faɗin milimita 76, da filta mai tsini, da hos biyu, da kilif huɗu, da takardar bayani shafi ɗaya. A jikin kwalin kun rubuta cewa ya dace da kowace mota, kuma yana ƙara ƙarfin doki 20. Duka maganganun biyu ba haka suke ba, kuma motocin jama'a ne ke cutuwa.

Babbar matsalar tana wajen eyafulo, wato na'urar da ke auna iskar da injin ke shaƙa. Ita ba ta auna dukkan iskar da ke wucewa. 'Yar kaɗan take taɓawa da siririn wayanta mai zafi, sai biren bokis, wato kwamfutar motar, ya lissafa sauran bisa faɗin gidan da aka ƙera mata. Takardarku ta ce a kwance ta daga gidanta a ɗaura a ramin da kuka huda a bututunku. To, idan gidanta na asali milimita 70 ne aka mayar da ita cikin 76, girman filin da iska ke bi ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100. Iska za ta riƙa wucewa a hankali, na'urar ta kai rahoton ƙasa da abin da ya shiga, nozul su ba da fetur kaɗan. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1, sai ya koma aiki da ƙarancin mai. Biren bokis zai yi ta cikon fetur har ya kai iyakarsa, sannan fitilar cek injin ta kama da lambar P0171, wani lokaci har da P0101. Mai mota zai ji silo yana rawa, motar tana jinkiri idan ya taka totur. Abin da ya fi damun mu shi ne tafiya mai nisa da kaya a wannan hali, domin ƙarancin mai yana ƙara zafin ƙonewa, fistan da bawul ne kuma ke shan wahalarsa. Gaskiya ne motocin da ke auna matsin iska a manifol, wato mashigar iskar injin, maimakon amfani da eyafulo ba su da wannan damuwa, amma ko kalma ɗaya ba ku faɗa ba da za ta sa mai saye ya san wace iri ce tasa.

Gyaran mai sauƙi ne. A bar eyafulo a gidanta na asali, a haɗa sabon bututu daga gabanta da hos mai rage faɗi, kibiyar da ke jikinta tana kallon injin, a kuma bar miƙaƙƙen wuri na aƙalla santimita 15 tsakaninta da kwana ko filta. Kuma ba kowane injin ke buƙatar 76 ba. Injin lita 2 a juyi 6,000 a minti ba ya shaƙar fiye da lita 100 a daƙiƙa, bututun milimita 63 zuwa 70 ya ishe shi.

Sai zancen sanyin da kuka sa wa kayan suna. Tsawon bututunku bai fitar da filta daga ƙarƙashin bonet ba. Tana zaune ne a bayan lagireto, inda fanka ke hura iskar da ta ratsa ruwan da ke wajen digiri 90, a wasu motocin ma kusa da manifol ɗin salansa, ba tare da wata garkuwa ba. Akwatin da kuka ce a cire kuwa, a yawancin motoci daga gaban mota ko gefen madigadi yake jan iska. Ke nan an cire mai sanyi an sa mai zafi, sai dai ƙarar da ta ƙaru. Duk saukar zafi da digiri 10 tana ƙara nauyin iska da kamar kashi 3 cikin 100. Ko an yi sa'ar saukar da digiri 20, injin mai doki 130 ba zai samu ƙarin doki 9 ba, balle 20. Da kun sa farantin alminiyam da za a lanƙwasa a katange filta da shi, da robar da za ta manne da bonet idan an rufe, da sunan ya yi daidai da kayan.

Ga mai son ƙarin tsawo, takardarku ta ba da shawara biyu, kuma duka masu haɗari ne. Ta ce a ƙara da bututun ruwa na PVC, alhali iyakar zafin da aka yi shi ya ɗauka wajen digiri 60 ne, kuma ƙarƙashin bonet yakan wuce haka a cunkoso. Yana laushi ya lotsa, kilif ya saki, iskar da ba a tace ba ta shiga. Ta kuma ce a sauko da filta bayan bamba, ba ta ambaci ruwa ba ko sau ɗaya. A injin lita 2 mai silinda huɗu da matsi 10 ga 1, filin da ke saura a saman fistan bai wuce mililita 56 ba, kamar babban cokali huɗu. Ruwa ba ya matsuwa. Idan filta ta nutse a kududdufi injin yana aiki, wannan ɗan ruwan ya isa ya lanƙwasa konrod, wato ƙarfen da ke riƙe fistan, ko ya fasa bulok. Wanda ya zo neman rahusa sai ya koma neman sabon injin.

Ƙananan kayan ma ba su tsira ba. Hos ɗinku baƙar roba ce da ke tsagewa da zafi da tururin mai, ta silikon ce ta dace. Babu bakin da za a mayar da tiyon numfashin injin, don haka mutane ke barin sa yana lilo. Babu ƙarfen da zai riƙe bututu, nauyinsa duka yana kan bakin totur, ga injin yana girgiza. Filtar kuma ta zo sharkaf da mai, wanda iska ke kwasa ta shafe wayan eyafulo da shi.

Abin da muke nema a wurinku shi ne ku cire maganar kowace mota da ta doki 20 daga kwalin, ku buga jerin motocin da kuka gwada. Ku ƙara garkuwar zafi, da hos na silikon, da bakin tiyon numfashi, da mariƙi mai roba. Ku goge shawarar PVC, ku rubuta gargaɗin ruwa da manyan baƙaƙe. A takardar kuma ku koya wa mai saye ya gwada aikinsa da sikana: ya duba zafin iskar da ke shiga kafin haɗawa da bayansa, a hanya ɗaya da gudu ɗaya, ya kuma tabbatar cikon fetur bai haura kashi 10 cikin 100 ba. Waɗanda suka riga suka saya, ku aika musu da kayan da suka rage, ko ku karɓi kayanku ku mayar musu da kuɗinsu. Muna jiran amsarku a rubuce kuma a fili, yadda muka rubuto muku.

Mun gode.

Daga wasu makanikai da masu aikin wayarin ɗin mota