Koken Mazauna Layin Bayan Kududdufi Kan Ramin Da Ake Haƙawa A Jikin Gidajenmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu ne mazauna layin da ke bayan tsohon kududdufin unguwarmu, magidanta da iyaye mata har da 'yan haya, muka zauna bayan sallar isha'i muka ce gara a rubuto maka, don maganar nan ta fi ƙarfin Mai Unguwa, ya yi iya bakin ƙoƙarinsa Allah ya saka masa da alheri, amma duk sanda ya je wajen sai leburori su ce masa oga ba ya nan, su aikinsu aka ba su.

Ranka ya daɗe ka san filin, kududdufi ne tun zamanin kakanninmu, a nan aka ɗebi ƙasar da aka gina rabin gidajen layin nan, daga baya aka yi ta zuba shara da ɓaraguzai har ya cike aka yanka fuloti aka sayar. Wanda ya saya yana son ya ɗora bene mai shaguna, kuma wallahi ba mu da ja a kan haka, filinsa ne da kuɗinsa ya saya, in ya gina ma 'ya'yanmu ne za su samu shago. To amma da yake ƙasar cike ce, dole sai ya yi zurfi kafin ya taɓo ƙasa mai ƙarfi, shi ne ya kawo katafila ta fara haƙa tun daga kan iyaka, ko taki ɗaya bai bari ba. Yanzu ramin ya kai wajen ƙafa 10, mutum in ya shiga ba a ganin kansa, mu kuwa gidajenmu ginin da ne, wasu na tubali aka yi musu fulasta, wasu na bulo, kuma babu wanda harsashinsa ya wuce ƙafa 2 zuwa 3. In ka tsaya a bakin ramin kana ganin ƙasan fandishon gidan farko a waje, tsirara, har jijiyar dalbejiyar ƙofar gidan tana reto.

Da muka yi magana amsar da aka aiko mana ita ce ai bai shiga filin kowa ba, a kawo tef a auna. Gaskiya ne bai shiga ba. Amma iyakar nan a sama take da takarda, ƙasar da ke ƙarƙashi haɗe take. Akwai yaronmu a layin da ya karanta injiniyan gine-gine, shi ya zaunar da mu ya yi mana bayani, ya ce nauyin gida ba a miƙe kawai yake sauka ƙasa ba, yana bazuwa ne gefe da gefe a karkace, don haka ƙasar da ke filin maƙwabcinka ita ma tana cikin abin da ke riƙe da katangarka. Lissafin da magina ke yi a saukake shi ne in raminka zai wuce ƙasan harsashin maƙwabci da ƙafa 6, to ka ja baya aƙalla ƙafa 6 daga jikinsa, wannan ma a ƙasa mai ƙarfi kenan, a ƙasar shara irin tamu sai an ƙara. In kuma ba za ka iya ja da baya ba saboda ƙarancin fili, to sai ka tokare. Shi bai ja baya ba, bai kuma tokare ba, kamar a janye wa wanda ya jingina abin da ya jingina da shi ne a ce ai ba a taɓa shi ba.

Kuma abin ya fara nunawa. Gidan farko na wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, bangon ɗakinta ya tsage daga kusurwar taga ya gangara a karkace har ƙasa, da farko kamar zare, yanzu ana zura tsinken tsintsiya ya shige. Yaron nan ya shafa siminti a kan tsagar ya rubuta kwanan wata da gawayi a gefe don a ga ko tana motsi, simintin ya dare. Ƙofar ɗakin da da take rufuwa da hannu ɗaya yanzu sai an ɗaga ta an danna da kafaɗa. Gida na biyu daɓen tsakar gida ya rabu da bango, masai kuma da yake a jikin katangar yake ya fara tsattsafowa cikin ramin, warin kaɗai ya ishi mutum. Matar nan ta kwashe yaranta sun koma kwana a zaure, ita ce ba ta iya barci, ta ce da ta ji tifa ta wuce sai gabanta ya faɗi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali damina ce. Ruwan farko da aka yi ya taru a ramin, ba a zuƙe ba, gefen da ke jikin gidajenmu ya jiƙa ya zabtare har ya yi kogo a ƙarƙashin katanga. Ga ƙasar da aka haƙo an jibge ta a bakin ramin ta ƙara masa nauyi, ta kuma toshe kwatar layin, duk ruwan da ya sauko daga indararo ramin yake komawa. Yanzu fa ba a shiga Agusta ba, kuma kowa a Kano ya san a watan ne ruwa ya fi yawa. Ba mu manta benen nan mai hawa 3 da ya rufta a titin Beirut a ƙarshen Agustan 2022 ba, ana cikin gina shi, aka yi ta tono mutane. Ba ma son sai an zo jaje sannan a ce da an sani. Ga yara kuma, ramin ko shinge babu, almajirai da 'yan makarantar Islamiyya nan suke bi da magariba.

Don haka ranka ya daɗe muna roƙonka ka kira mai filin da kansa, ba ɗan kwangila ba, ka sa a tsayar da katafilar nan daga yau har sai an tokare ɓangarenmu da katako mai kauri ko faifan ƙarfe, a kawo inji a zuƙe ruwan duk sanda aka yi sama, a janye tulin ƙasar daga baki a buɗe mana kwata. Sannan muna so ka rubuta wa hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, su turo a duba wajen a ga takardar izinin ginin da zanen, ko zurfin nan yana ciki. Injiniya kuma ya zama mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ba wanda zai zo ya leƙa daga cikin mota ba. Yaronmu ya ce in za a ƙarfafa ƙasan harsashinmu ba a tone shi gaba ɗaya, gaɓa-gaɓa ake yi, a tona kamar mita 1 a zuba kankare, a tsallake a bari ya kama sannan a dawo na kusa da shi, kuma katangar kankare da rodi ta jikin iyaka ita ya kamata a fara zubawa kafin a ci gaba da sauran. Tun ran gini tun ran zane, da an yi haka tun farko da ba mu dame ka ba.

Sai maganar gyara. Mun ɗauki hotuna da bidiyo a waya, amma muna so a zo gaban Dagaci da Mai Unguwa da Liman a shiga gida-gida a rubuta duk tsagar da ke akwai, da tsohuwa da sabuwa, don kar gobe a ce dama can gidan tsoho ne, mu ma kar wani a cikinmu ya ɗora masa abin da ba shi ya jawo ba. Abin da ramin ya ɓata ya sa hannu zai gyara. Malamanmu kullum suna karanta mana hadisin da ya ce ba cuta ba cutarwa, iyakar abin da muke nema kenan, kuma mutumin nan gobe maƙwabcinmu ne, sahu ɗaya za mu tsaya, shi ya sa muka danne samarin layin da suka so su je su tare katafilar, muka ce a'a akwai manya a gari, kotu ma ba mu so a kai ga haka.

In da hali muna roƙon ka turo wakili ya gani da idonsa kafin Juma'a mai zuwa, a kuma samo wa matar nan da marayunta inda za su raɓe har a gama tokarewar, kuɗin hayar ya fito daga wajen mai ginin.

Allah ya taimake ka, ya ƙara girma.

Mu ne naka,
Mazauna layin bayan kududdufi. Sa hannu da dangwalen magidanta na nan a takardar da muka haɗo da wannan.